Kotu Ta Ce A Gwada Gashin Ƙanwata Da Jininta, Yaya Zan Tsaya Mata?

Wata 'yar'uwa da ke zaune a arewacin Ingila ta rubuto cewa ƙanwarta, mai 'ya'ya biyu, ta fara shan tiramadol da kodin saboda ciwon baya bayan haihuwar ƙaraminta, har abin ya kama ta. Aure ya mutu, makaranta ta kai rahoto, ma'aikatan kula da yara na ƙaramar hukuma suka kai magana kotun iyali. Yanzu alƙali ya ba da umarni a gwada gashinta don ƙwaya, a gwada jininta don giya saboda tsohon mijin ya yi mata wannan zargin, shi kuma ya ce ƙaramin yaron ba nasa ba ne, sai an yi gwajin DNA. Ƙanwar ta daina cin abinci, tana cewa za ta aske kanta kafin ranar. Mahaifiyarsu da ke gida Najeriya ba ta san komai ba. Tambayarta ita ce: me gwaje-gwajen nan ke nunawa, kuma yaya za ta kula da ƙanwarta?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah Ya ba ki ladan zumunci, Ya kawo wa ƙanwarki sauƙi. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɓangaren masu fama da shaye-shaye a nan Ingila, kuma cikin aikin har da ɗaukar gashi da jinin iyayen da kotun iyali ta turo. Ni ba lauya ba ce, don haka duk abin da ya shafi matakin shari'a ku tabbatar da shi a bakin lauyanta. Amma ɗakin da za a shigar da ita na san shi, na kuma san yadda jikin mace ke yin sanyi idan ta ga an ɗauko almakashi.

Bari in fara da askin, don shi ya fi gaggawa. Kada ta aske, kada ta rina, kada ta shafa man miƙar da gashi daga yau har a ɗauki samfurin. Duk wanda ya ba ta shawarar aski ya cuce ta. Idan ta zo da kai ƙwal, za a ɗauki gashin jiki ko farce. Farcen hannu yana riƙe tarihin kusan wata shida, na ƙafa har kusan shekara, kuma ba a iya raba su wata-wata kamar gashin kai. Ke nan idan ta rage sha a watannin nan, ta aske shaidar ragewar da hannunta, ta bar wa kotu dunƙulallen sakamako mai cewa akwai ƙwaya kawai. Ga shi kuma alƙali yana da ikon ɗaukar askin a matsayin alamar ɓoye wani abu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗa mata wannan yau, cikin lallashi, kafin dare ya yi ta kulle kanta a banɗaki.

Yadda gwajin gashi ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Abin da mutum ya sha yana yawo cikin jini, jinin kuma shi ke ciyar da saiwar gashi, sai ɓurɓushin ƙwayar ya maƙale a cikin silin yayin da yake tsirowa. Masu ɗakin gwaji suna lissafi da cewa gashin kai yana ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata. Saboda haka santimita 3 daga fatar kai suna wakiltar kusan wata uku, santimita 6 wata shida. Ana yankowa daga bayan kai, dab da fata, kaurin abin bai wuce na fensir ba, kuma mai ɗauka mai hankali takan tsinto kaɗan-kaɗan daga wurare biyu ko uku don kada a bar fili. Mako ɗaya zuwa biyu na ƙarshe ba sa fitowa, don gashin lokacin bai leƙo saman fata ba tukuna. Ana iya gwada tsawon gaba ɗaya, ana kuma iya yanka shi gunduwa-gunduwa a gwada kowane wata daban. Idan ƙanwarki tana ragewa, ki sa ta roƙi lauyanta ya nemi na wata-wata. Ya fi tsada, amma shi ke nuna mutum yana saukowa.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki sosai, don ya shafi mu baƙar fata kai tsaye. Sinadarin da ke ba gashi baƙinsa, wato melanin, yana riƙe wasu ƙwayoyi irin su kodin da hodar ibilis fiye da yadda farin gashi ko ja ke riƙewa. An yi gwaji inda aka ba mutane kodin daidai wa daida, sai aka tarar abin da ya zauna a baƙin gashi ya ninka na jan gashi fiye da sau goma. Ma'ana, mata biyu su sha abu ɗaya, takardar ɗaya ta ce sha mai yawa, ta ɗayar ta ce kaɗan, ko ma ta ce babu. Na biyu, gashin Afirka yakan fi jinkirin tsiro, bai cika kai santimita 1 a wata ba, don haka abin da aka rubuta cewa na watan jiya ne yana iya zama na watan da ya gabace shi. Na uku, a kowane lokaci kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na gashin kai yana hutawa ne, ba ya tsiro, yana nan riƙe da tsohuwar ƙwaya. Shi ya sa mutum zai daina sha da gaske amma gashinsa ya ci gaba da nuna ɓurɓushi har wata uku ko huɗu. Na sha ganin mace ta rantse da Alƙur'ani ta daina, takarda ta zo da alama, kowa ya juya mata baya, alhali gaskiya ta faɗa.

Kotunan ƙasar nan sun san da wannan. A 2017 Mai Shari'a Peter Jackson ya saurari ƙwararru da dama a wata shari'a, ya yanke cewa gwajin gashi hujja ce mai amfani amma tana da iyaka, kuma dole a auna ta tare da sauran hujjoji. A 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wani umarni na ɗauke yara saboda an jingina da sakamakon gashi ba tare da bin diddigin abin da rahoton ya ƙunsa ba. A Kanada kuwa abin ya yi muni: wani ɗakin gwaji mai suna Motherisk a birnin Toronto ya shafe shekaru yana gwada gashin iyaye, sai a 2015 Mai Shari'a Susan Lang ta binciko cewa aikin da ya yi daga 2005 zuwa 2015 ba abin dogaro ba ne, bayan an riga an raba iyalai da 'ya'yansu. Ina kawo miki waɗannan ne don ki san lauyanta yana da damar tura wa ƙwararren da ya rubuta rahoton tambayoyi a rubuce: ko an yi la'akari da launin gashinta, da saurin tsironsa, da mayukan da take shafawa, ko an gwada ruwan da aka wanke samfurin don a bambance abin da ya shiga ta jini da abin da ya sauka a kai daga hayaƙi ko gumi. Idan amsar ba ta gamsar ba, yana iya neman izinin kotu a sake dubawa.

Sai dai fa, 'yar'uwata, kada ki mayar da wannan bayani mafaka. Ƙanwarki ta sha, ke ma kin sani. Melanin yana ƙara yawan lamba, ba ya ƙirƙiro ƙwayar da ba a sha ba. Amfanin sanin nan shi ne kada a ɗora mata fiye da abin da ta aikata, a kuma ga sauƙin da ta samu idan ya zo.

Ranar ɗaukar samfuri za a tambaye ta abin da ta sha a watannin baya, nawa, yaushe ne na ƙarshe, da magungunan da likita ya rubuta mata, da abin da take yi wa gashinta. A gurina wannan takardar ta fi almakashin muhimmanci. Alƙalan kotun iyali sun saba ganin iyaye masu shan ƙwaya, kullum suna gani. Abin da suke nema su gane shi ne ko za a iya yarda da maganar uwar nan, ko za ta yi aiki da masu taimaka mata. Idan ta ce ba ta taɓa sha ba, gashi ya ce ta sha, to an samu matsala biyu, kuma ta biyun ta fi wuyar gyara. Idan kuwa ta ce tana shan ƙwara kaza a rana tun watan kaza, gwaji ya zo ya yi daidai da bakinta, to gwajin ya zama shaidar gaskiyarta. Ki zauna da ita daren jajibiri, ku rubuta komai a takarda. Ku haɗa da kwalayen maganin asibiti, da wanda ta saya a kemis, da wanda wani ya taho mata da shi daga gida a jaka. Mutanenmu suna yawan mantawa da na ƙarshen nan, ko su ji kunyar ambatonsa, alhali tiramadol a nan tun 2014 yana cikin ƙwayoyin da doka ta tsaurara a kansu. Ku rubuta lalle idan ta sa a kai, da man miƙar da gashi, da feshin gashi, da jiƙe-jiƙen gargajiya. Ta tsefe kitso tun a gida, ta cire ƙarin gashi, don na kanti ba ya gwaduwa.

Tana da damar neman mace ta ɗauki samfurin, a ɗaki rufaffe, ta buɗe bayan kanta kaɗai ta bar mayafinta a kafaɗa. A sanar tun kafin ranar ta hannun lauya, kada a bari sai an iso. Idan Turancinta na gaisuwa da kasuwa ne, ta nemi tafinta, kuma kada ke ki zama tafintar, don gobe kada a ce ke kika sa mata magana a baki. Ki raka ta dai, ki zauna a waje, ki riƙe mata jaka. Za a duba katin shaidarta, a ɗauki hotonta, a liƙe samfurin a gabanta ta sa hannu. Ta karanta sunanta da kwanan wata a jikin ambulan kafin ta sa hannun. Duka-duka abin bai cika wuce awa ɗaya ba.

Batun giya gajere ne idan da gaske ba ta sha. Akwai gwajin jini da ake kira PEth, wani sinadari ne da jiki ba ya yin sa sai giya ta shiga, yana nuna kusan mako huɗu baya, kuma ɗigon jini daga ɗan yatsa ya isa. A gashi ana neman wani abu mai suna EtG; idan ya wuce iyakar da aka sa, ana ɗaukar sa alamar sha mai yawa na tsawon lokaci, wato fiye da giram 60 na tsantsar giya a rana. Shi EtG, melanin bai dame shi ba, amma rini da man miƙarwa suna rage shi, feshin gashi mai sinadarin giya kuma yana iya ɗaga wani sinadarin da ake gwadawa tare da shi. Wani lokaci kotu takan sa a ɗaura wa mutum na'ura a idon sawu mai shinshinar gumi kowane minti 30. Abin da zan ja kunnenta a kai shi ne ruwan magungunan ɗaci na kwalba da ake sayarwa a shagunan Afirka, da yawansu da giya aka jiƙa su, mutum ya sha da niyyar maganin basir bai sani ba. Idan sakamakon ya fito fes, to zargin mijin ya faɗi da kansa, kuma wannan ma riba ce a gare ta.

Akwai abin da ke ba ni tsoro fiye da duk gwajin nan. Mutum idan ya ji kotu, yakan watsar da ƙwaya dare ɗaya don ya wanke kansa. Kada ta yi haka. Barin tiramadol da kodin farat ɗaya yana kawo zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da firgici mai tsanani, sai mutum ya kasa jurewa ya koma. Komawar ce ke kisa, don jiki ya riga ya manta da yawan da ya saba, sai abin da ta saba sha a da ya tsayar mata da numfashi. Tiramadol mai yawa kuma yana jawo farfaɗiya. Wanda ya saba da giya kullum shi ma barinta dare ɗaya yana iya kai shi ga jijjiga da gushewar hankali. Ki kai ta wajen likitanta a makon nan, ko cibiyar masu fama da shaye-shaye ta yankinku. Kyauta ce, kuma mutum yana iya kai kansa ba sai an tura shi ba. Za su tsara mata ragewa a hankali, ko su ɗora ta a kan madadi irin su bufurenofin ko metadon. Waɗannan za su fito a gwaji, amma tunda likita ne ya rubuta, kotu tana ganin su a matsayin magani da ƙoƙari. Ki karɓi naloksan ki ajiye a gida, shi ne maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta danne wa numfashi, su koya miki yadda ake ba da shi, ki kuma kira 999, lambar agajin gaggawa, ko da ta farfaɗo.

Lokaci ba ya jiran ku. Dokar 2014 ta ce shari'ar karɓar yara ta ƙare cikin mako 26, ko da yake da yawa suna zarcewa. Wata shida ke nan, kuma kin ji gashi yana ɗaukar watanni kafin ya wanke. Duk makon da ta yi a kwance tana kuka ba ta shiga magani ba, an ci shi daga cikin shidan. Ki tambayi lauyan ko yankinku yana da kotun nan ta musamman ta iyaye masu fama da ƙwaya ko giya, da ake kira FDAC. Alƙali Nicholas Crichton ne ya faro ta a Landan a 2008. A can alƙali ɗaya ke bin shari'ar daga farko har ƙarshe, yana ganin uwa duk mako biyu ba tare da lauyoyi ba, ga ayarin ƙwararru suna taimaka mata, ana gwaji akai-akai. Wahala ce, amma iyayen da na gani sun bi ta sun fi jin an ɗauke su mutane. Ba kowace ƙaramar hukuma ke da ita ba. Kuɗin lauya kuwa kada ya hana ku barci: a irin wannan shari'a da hukuma ta shigar, gwamnati ke biya wa iyaye, ba tare da duba abin da suke samu ba.

To, sai DNA. Na san shi ya fi ci mata rai, don ƙwaya ciwo ce, wannan kuwa an taɓa mutuncinta ne da asalin ɗanta. Ɗaukar samfurin ba komai ba ne, auduga ce ake gogawa a cikin kumatu, ko jariri ba ya jin zafi. A dai bar ci da sha kamar rabin awa kafin nan. Ana kwatanta wurare da dama a ƙwayar halittar yaro da ta mutumin. Idan ba shi ba ne, sakamako yakan fito ƙarara cewa ba shi ba ne. Idan shi ne, yakan wuce kashi 99.9 cikin ɗari. Dokar 1969 ce ta ba kotu ikon ba da wannan umarni, kuma sai ɗakin gwajin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi. Ba a danne babba a ɗauka da ƙarfi, amma wanda ya ƙi, kotu tana iya fassara ƙin nasa. Don haka idan ta ce mutuncinta ya fi ƙarfin a gwada ta, ki nuna mata ƙin zai iya zama makami a hannun wanda ya zarge ta. Haka shi ma, idan ya yi zargi ya kuma ƙi zuwa, ya ja wa kansa. Ku nemi a raba musu lokaci don kada su haɗu a bakin ƙofa. Kuma kada wani a dangi ya yi karambanin ɗaukar buroshin haƙorin mijin ko gashinsa ya aika gwaji a ɓoye. Dokar 2004 ta mayar da wannan laifi, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara uku.

Wani abu da nakan faɗa wa iyaye mata don su ɗan samu sanyi: Alec Jeffreys ya gano wannan fasaha a Jami'ar Lesta a 1984, kuma shari'ar farko da aka yi amfani da ita, a 1985, ta wani yaro ce ɗan asalin Gana da jami'an shige da fice suka yi shakkar ɗan mahaifiyarsa ne. Gwajin ya tabbatar nata ne, aka bar shi tare da ita. Ga matar da aka yi wa ƙazafi, wannan auduga tana iya zama mai wanke ta a rana ɗaya daga maganar da a gida za ta bi ta har kabari.

Ta fuskar addini, kin san ƙa'idar da muka tashi da ita, ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma miji ba ya kore ɗan da aka haifa a gadonsa sai ta li'ani, wato rantsuwar da miji da mata ke yi a gaban alƙali kan zargin zina. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna a 2002 ta ce gwajin DNA ba ya maye gurbin li'ani wajen kore nasaba. Kotun Ingila ita ma tana fara ɗaukar mijin aure a matsayin uba, amma tana karɓar gwaji ya rushe wannan zato. Hanyoyi biyu ne, kowace da tambayar da take amsawa: kotu tana neman sanin wa za a saurara a kan yaron, wa zai ciyar, dangin wa za a duba. Maganar nasaba da gado a shari'ar Musulunci ku kai wa malamin da ya san fiƙihu ya kuma san zaman ƙasar nan, wanda bakinsa ke da nauyi. Ke kuma, kafin sakamako ya fito, ki yanke wa ranki cewa ko me takardar ta ce, yaron nan ɗan ƙanwarki ne, jininki ne. Ki faɗa mata haka da bakinki ba tare da kin tambaye ta komai ba. Idan akwai abin da take ɓoyewa, wannan ce kalmar da za ta sa ta faɗa wa lauyanta tun da wuri. Idan babu, za ta san akwai wanda bai jira takarda ba kafin ya tsaya mata. Babban yaron kuma yana ji, yana gani. Kada a yi maganar waye uban ƙaninsa a gabansa, ko da cikin Hausa ce ana zaton ba ya ganewa. Suna ganewa.

Ranar da sakamako zai fito, kowanne daga cikinsu, kada ta karanta shi ita kaɗai a waya da tsakar dare. Ku roƙi lauyan ya kira ta ofis, ko ya bugo lokacin da kina kusa. Rahotannin nan cike suke da lambobi da kalmomi kamar babba, matsakaici, ƙarami, kuma waɗannan kalmomi kwatanci ne da sauran samfuran da ɗakin gwajin ya taɓa gani, ba awon yawan abin da ta sha ba ne. Mace mai raunin zuciya tana ganin kalmar babba sai ta ce shi ke nan, an ƙwace. Kin ce ta daina cin abinci, wannan ya dame ni. Ki tambaye ta kai tsaye, ba kwana-kwana, ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta dasa tunanin, tana buɗe ƙofa ne. Na san mu da cewa Musulmi ba ya wannan tunani, amma na zauna da mata masu salla da azumi da suka yi shi. Idan ta ce e, ko ta yi shiru mai tsawo, kada ki bar ta ita kaɗai, ki kwashe magungunan gidan, ki kira 111, layin neman shawarar lafiya, ko 999 idan abin ya matso. Ki dafa mata abin da ta saba tun tana yarinya, ko kunu ne, ku ci tare. Ki tashe ta zuwa ganin yaran a kan lokaci idan an ware mata ranaku, don ana rubuta kowane zuwa da kowane latti, kuma yaran suna ƙirga kwanakin.

Ke ma akwai abin da ke gabanki. Idan kotu ta ga yaran ba za su zauna da ita ba a yanzu, doka ta ce a fara duba dangi kafin bare. Ki ba da sunanki tun yanzu ta hannun lauyanta ko ma'aikaciyar yaran, kada ki jira sai an kusa yanke hukunci don gudun kada ƙanwarki ta ga kamar kin fitar da rai da ita. Dangi da yawa sun makara saboda wannan kara. Za a zo gidanki, a binciki tarihinki da na maigidanki, wataƙila ma a nemi ku yi gwaji. Babbar tambayar da za su auna ki da ita ita ce ko za ki iya kare yaran ko da daga 'yar'uwarki ne. A nan rufin asirin da muka gada zai iya cutar da ku. Idan kika ce lafiyarta ƙalau, sharri ne kawai, za su rubuta cewa ba ki ga haɗarin ba, su tsallake ki. Ki ce ƙanwata ba ta da lafiya, na sani, ina tare da ita tana magani, kuma idan ta zo a buge ba zan ba ta yaran ba. Faɗin haka yana da ɗaci, amma shi zai sa yaran su kwana a gidan da ake kiran sunansu daidai. Ƙungiyar Family Rights Group tana ba dangi irinki shawara kyauta, ki neme su.

Saura Mama. Takardun kotun iyali sirri ne a doka. Tura hoton rahoto ko sakamako a zauren WhatsApp na dangi yana iya zama raina kotu, kuma abin da ya shiga wayar mutum goma ba ya dawowa. Don haka takarda ba ta fita, ko ga Mama. Amma labarin cewa 'yarta ba ta da lafiya, tana cikin shari'a a kan jikokinta, a ganina ya kamata ta ji, kuma ta ji daga gare ku kafin dangin mijin su kai mata nasu. Sai dai ƙanwarki ce mai labarin, ki nemi yardarta, ku zaɓi rana tare, bayan ta fara magani don a samu abin alheri da za a haɗa da shi. Ku sa wata inna ko kawu mai hankali ya kasance kusa da Mama lokacin da za ku kira, musamman idan tana da hawan jini. Ki fara magana ke, ki ce ciwon baya ne ya jawo magani, magani ya kama ta, yanzu tana hannun likita, sannan ki miƙa wa ƙanwarki wayar.